In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Shirinmu na yau ya leƙa Lafagu da ke ƙaramar hukumar Bagudo, can kusa da iyakar Binin, inda da zarar an gama kaka sai gero da dawa da shinkafa su cika rumbu. A daidai lokacin ne kuma ake cinna wa daji wuta, ɓera ya rasa mafaka, ya yo cikin gari.

Ɓarnar hatsi kowa ya san ta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Wani ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ba ta yi masa komai, amma yana barin ta a fitsarinsa da kashinsa a kan abincinmu, kuma da rani ta fi ƙamari. Jamhuriyar Binin ma ta sha fama da ita a 2014 da 2016. Ai ɓera ba ya tsayawa a shingen kwastan tsakanin Tsamiya da Segbana.

Da yawa cikinmu, da mun ji motsi a ɗaki, sai mu aika a sayo shinkafar ɓera. Ni dai ban goyi bayan haka ba a gidan da ke da yara da kaji. Ko ka kashe goma, macen ɓera cikin kusan mako 3 take haihuwa, muddin akwai abinci wasu za su maye gurbi.

To Malam, ka liƙe duk wani rami da siminti, ko da bai wuce kaurin fensir ba. Rumbu ya hau duwatsu, a nome ciyawar kewayensa, juji ya yi nesa da ɗaki. Uwargida, gari da ragowar tuwo su kwana a mazubi mai murfi, a kuma daina shanya hatsi a ƙasa a bakin hanya. Tarko da kyanwa za su ƙarasa sauran. Wanda tarko ya kama, a sa leda a hannu a ɗauke shi a binne, kada yara su gasa.

Duk wanda zazzaɓi ya ƙi sakinsa bayan ya sha maganin cizon sauro, don Allah a garzaya da shi asibiti, ko a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, kyauta a 6232. A kasance lafiya.