Wa zai duba tsanin maginin Dogon Dutsi?

Duk wanda ya buɗe kundin dokar ƙwadago ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, zai ga ba a manta da ran ma'aikaci ba. Sashe na 136 ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar waɗanda ke ƙarƙashinsa. Sashe na 137 ya wajabta masa horar da duk sabon ɗauka kan tsabta da kariya, haka ma wanda aka sauya wa wurin aiki. Sashe na 145 kuma ya ce duk ma'aikatar da ke da mutum hamsin zuwa sama sai ta kafa kwamitin kula da lafiya da kariya, inda wakilan ma'aikata za su zauna da mai kamfani. Tun 2009 ƙasar ta amince da yarjejeniyoyi masu lamba 155 da 161 da 187 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, waɗanda suka ginu a kan shawara tsakanin gwamnati da masu ba da aiki da ƴan ƙwadago. A takarda dai babu abin kushewa. Amma a je Dogon Dutsi ko Matankari ko Kore Mairuwa a ƙirga mutanen da ke kan gini guda: magini ɗaya, yaransa biyu ko uku masu koyo, sai leburorin da aka ɗauko da safe a sallame su da yamma. Ba su kai goma ba, balle hamsin. Dokar da aka ɗinka wa babban kamfani ta yi wa maginin wannan yanki yawa, shi ya sa ba ya sanye da ita.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, haɗin gwiwar gwamnati da sandika kan kariyar masu gini ba zai tsinana wa wannan yanki komai ba muddin ya tsaya ga zaman tebur a Yamai da jawabin ranar 28 ga Afrilu, ranar kariya da lafiya a wurin aiki ta duniya. Sai an sauko da shi inda ake kwaɓa siminti, an raba aiki fili-fili: sandika da ƙungiyoyin magina su zama ido da masu koyarwa, hukuma ta riƙe sanda da bakin jaka.

Mutanen yankin sun riga sun ga yadda gini mai tsari yake. Bututun man da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Satumban 2019, ya ratsa jihar Doso ta wajen Tibiri. A irin waɗannan manyan ayyuka hular kwano da takalmin aiki ba baƙin abu ba ne, domin kamfanin na da rajista, akwai kwangila a rubuce, kuma haɗari na jawo masa asara da zubewar suna. Sai dai babban aiki baƙo ne, yana gamawa ya naɗe kayansa. Abin da ke dawwama shi ne ginin shago a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni, da ɗora bene a kan tsohon gida, da haƙar rijiya da masai, da sake tada bangon da damina ta kayar. Ambaliyar 2024, wadda ta hallaka mutum fiye da 300 a faɗin ƙasar ta kuma rusa dubban gidaje, ta ƙara yawan wannan aiki, kuma mai gidan da ruwa ya ci ba ya tambayar magini ko tsaninsa na da ƙwari. Tambayarsa ita ce yaushe zai shiga ɗaki.

Haɗurran sanannu ne, kuma maimaita kansu suke yi. Ana faɗowa daga katakan hawa da aka ɗaure da tsohuwar igiya. Gefen ramin ɗibar ƙasa ko marmara yana zaftarowa kan wanda ya yi masa ƙwaƙule ta ƙasa don saurin cika amalanke. Mai haƙar rijiya yana shaƙewa idan aka kunna injin jan ruwa kusa da shi a cikin rami. Ɗanyen siminti yana cin tafin hannu da na ƙafa, ƙurarsa na taruwa a ƙirji. Ana cire katakon da ke tallafe da rufin kankare kafin ya kama, saboda ana jiransa a wani ginin. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu, lokacin da gini ya fi kankama tun da ba aikin gona, ma'auni kuwa na wuce 40. A 2023 ILO ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara sanadin haɗari ko cutar wurin aiki, kuma ta sa gini cikin sana'o'in da suka fi kisa. Maginin gari irin Gesheme kuwa ba ya cikin kowane lissafi. Asusun inshorar ma'aikata na CNSS yana karɓar kashi 1.75 cikin ɗari na albashi daga mai ba da aiki don haɗarin aiki, doka kuma ta ce a kai rahoton haɗari cikin awa 48. Amma wannan na wanda aka yi wa rajista ne. A ƙasar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki ke neman abinci ba tare da takarda ba, wanda ya faɗo daga bene gidan mai ɗori ake kai shi, mai gini ya ba da abin da ya sawwaƙa, a ce Allah ya kiyaye gaba. Haɗarin da ba a rubuta ba kuwa ba ya shiga kasafin kowa.

Gwamnati ita kaɗai ba za ta iya ba. Ofishin sufetan ƙwadago na jiha yana Doso, kimanin kilomita 140 daga Dogon Dutsi, daga can kuma sai a ƙara tafiya kafin a kai Dogon Kiriya ko Sukukutan. Teburinsa cike yake da rigingimun kora da bashin albashi. Ginin da za a fara Litinin a zuba masa rufi kafin wata ya ƙare ba zai jira rangadinsa ba. Sandika ma ita kaɗai ba za ta iya ba, kuma gara a faɗi gaskiya: manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CNT da CDTN, wadda ta zo kan gaba a zaɓen wakilcin ma'aikata na 2019, ƙarfinsu na wajen malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na ofisoshi. Leburan gini ba ya biyan kuɗin kati, ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen wakilci, don haka ba kasafai kukansa ke shiga takardar buƙatun ranar 1 ga Mayu ba.

Wannan matsala ba a Nijar aka fara ta ba. Ƙasar Suwidin ta ci karo da ita tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ta fito da wakilin kariya na yanki: mutum ne da sandika ke naɗawa, ba na kamfani guda ba, yana zagaya ƙananan wuraren aiki da ba su da kwamiti, doka ta ba shi ikon shiga, hukuma kuma tana taimakawa da kuɗin aikinsa. An fara ne da sana'o'i irin gini, daga baya a shekarun 1970 aka faɗaɗa shi. A Ƙatar ma, duk da ƙyamar da ake wa sandika a can, masu shirya gasar ƙwallon duniya sun sa hannu a 2016 da ƙungiyar magina da masu aikin katako ta duniya don duba filayen wasa tare. Ba kuɗin Suwidin ake nema a kwaikwaya ba, dabarar ce: idan wurin aiki ya yi ƙanƙanta da kwamiti, sai kwamitin ya zama mai yawo. Ƙasar Hausa kuwa tana da tushen da za a ɗora wannan. Sarautar sarkin magina a birane irin su Zariya da Damagaram ta daɗe tana raba aiki da tsawatar wa mai ha'inci, kuma magini bai taɓa zama mutumin banza ba. Falke Barmu, wanda ya gina masallacin Yama a jihar Tawa, aikinsa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Yau akwai ƙungiyoyin masu sana'ar hannu da majalisarsu ta CMANI, akwai asusun FAFPA da aka kafa don horon sana'a, akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi. Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri ƙananan hukumomi goma ne jimilla. Gogaggen magini ɗaya ko biyu a kowace, waɗanda abokan sana'arsu suka zaɓa, CNSS da sufeta suka horar, sandika ta tsaya musu, ba abu ne da ya fi ƙarfin ƙasa ba. Horon ya zama da Hausa, a bakin gini, da ainihin tsani da igiyar da ake aiki da su. Taron otal da takardar shaida da kuɗin zama an sha yin su.

Sanda kuma tana hannun hukuma tun yanzu, ba sai an yi sabuwar doka ba. Sashe na 145 ɗin nan ya bar wa sufeta damar neman a kafa kwamiti ko da ma'aikata ba su kai hamsin ba, idan aikin mai haɗari ne. Abin da ya fi wannan tasiri shi ne kwangila. Bayan gobarar azuzuwan zana da ta ci yara a Yamai a Afrilun 2021 da Maraɗi a Nuwamban shekarar, hukumomi sun yi alkawarin maye gurbin irin waɗannan azuzuwa kusan 36,000 da ginin ƙwarai. Azuzuwa da ɗakunan shan magani da rumfunan kasuwa su ne babban cinikin ƙananan ƴan kwangila a karkara, kuma tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, kantoma ne ke sa hannu. Idan aka rubuta a kwangila cewa ba za a biya kaso na gaba ba sai an ga sunayen leburori da shaidar wakilin kariya, ɗan kwangila zai sayi igiya da hula ba tare da an yi masa wa'azi ba. Abin kunya ne a ce an gina aji don ceton yara daga wuta, uban wani yaro ya karye a ginin.

Za a ce talauci ya hana, cewa wanda ke neman jika biyu a yini ba ya da ta safar hannu. Gaskiya ne, shi ya sa doka ba ta ɗora kayan kariya a kan lebura ba. Kuma yawancin abin da ke ceton rai a ƙaramin gini ba saye ake ba: a kwantar da gefen rami, a bar injin a waje, a ba kankare kwanakinsa, a fara aiki da asuba a huta da tsakar rana. Karyewar baya ce mai tsada, domin gida guda take zaunarwa. Za a kuma ce ƙaddara ce. Malaman Malikiyya da yankin ke bi ba su tsaya nan ba: sun ɗora lamuni a kan wanda aka gargaɗe shi cewa bangonsa ya karkata ya ƙi gyarawa har ya faɗa wa mutum, haka ma wanda ya haƙa rami inda bai halatta ba. Limamin Juma'a zai iya isar da wannan fiye da kowace takardar bango.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa wakilin kariya zai koma wani sabon shingen karɓar na goro. Wannan tsoro yana da dalili, kuma ba a kawar da shi da rantsuwa. Maganinsa a tsari yake: kada wakili ya taɓa kuɗin tara, kada ya ci kowa tara, nasa shi ne ya gani, ya yi gargaɗi, ya rubuta, ya aika wa sufeta ta waya da hoto. A sake zaɓensa bayan wa'adi, kuma ladansa ya fito daga kason da CNSS ke warewa don riga-kafi, ba daga aljihun ɗan kwangila ba. Sai dai tsarin zai mutu ran da wakili ya kai ƙarar ɗan kwangilar da ke da uwa a gindin murhu aka yi shiru, ko aka hana shi aiki a gari. A nan ne babbar sandika ta Yamai ke da amfani, domin ita ke da bakin da ministan ƙwadago zai saurara. Ita ma za ta samu rabonta: sahun mambobi daga cikin mutanen da suka fi kowa yawa a fagen aiki, waɗanda har yanzu ba ta nema ba.