Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Guzurin Makaɗi A Filin Wasa

Jama'ar da ke taruwa wurin biki ko naɗin sarauta ba safai suke lura da yaron nan da ke zaune bayan makaɗa ba, wanda ba ya kiɗa, ba ya amshi, sai gadin kaya. Alhali kuwa mutuncin maigidansa ne aka ba shi ajiya, domin a wurinsa kalangu na biyu yake, da gula biyu ko uku, da tsirkiya.

Dalili shi ne kayan kiɗan Hausa da fata da itace da gashi ake yin su, ga su da jin yanayi. Da hunturu fata takan bushe ta ɗaure, har gula ta fasa ta ana tsakiyar waƙa. Da damina kuwa sai ta yi sanyi ta saki, muryar ganga ta dushe, sai an kanga ta a wuta ko an shanya ta a rana. Ɗinka sabuwar fata ba aikin minti biyar ba ne, taro kuma ba ya jira.

Kowane makaɗi da irin nasa guzuri. Masu kotso, irin wanda marigayi Musa Ɗanƙwairo ya yi suna da shi, ba sa rabuwa da nake, wato dankon da ake manna wa fata don daidaita amo. Mai goge yana riƙe da ƙaro na goga wa izga, da ƙarin gashin wutsiyar doki, saboda silin tsirkiya yakan tsinke ɗaya bayan ɗaya.

Haɗarin ma ba ɗaya ba ne. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ƙungiyar masu kalangu yake wasa, in ɗaya ya sami cikas sauran su rufe masa. Amma Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa tsirkiya ɗaya tak gare shi. Mai irin wannan kiɗa in ta tsinke masa, babu wanda zai karɓa.

Da lasifika ta shigo fili sai kaya suka ƙaru. Tun zamanin hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, makaɗa suka gane cewa ba a dogara da wutar gari, sai da janareta da man ajiya da makirufo na biyu. Mawaƙan yau masu hawa kiɗan situdiyo su ma sukan ajiye kwafinsa a filas da kuma waya.

Wannan duka ɗawainiya ce, ga kuɗin mota. To amma ranar biki ɗaya ce, ba a maimaita ta, kuma wanda ya gayyato makaɗi ya riga ya tara baƙinsa. In kiɗa ya mutu a tsakiyar fili, liƙi ya tsaya, mutane su watse, mai gayya ya kunyata. Makaɗin da ya bari haka ta same shi, da wuya a sake aika masa goro daga wannan gida.