Ɗaliban da ke ƙare hutunsu wajen binciken ƙashi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da muke duƙe a gona, manyan makarantun Amurka suna hutu. Amma wasu ɗalibai ba su zuwa gida. Sukan shiga ɗakunan binciken likitocin ƙashi, su yi mako 8 zuwa 10 suna koyon aiki. Jami'ar Ayowa tana cikin irin waɗannan wurare. Tana da sashen gyaran ƙashi da koya ma majinyaci sake tafiya.

Mine ne aikin ɗalibi?

Kwanakin farko ba a barin shi ya taɓa kowa. Doka ake koya mashi. Ba a auna mutum sai da yardarsa. Ba a faɗin sirrin majinyaci a waje. Bayan haka malaminsa ya ba shi tambaya guda, wadda zai bi har ƙarshen hutu. Misali: wanda ya karye a ƙafa, bayan ya warke, yana taka ta kamar dā?

Domin samun amsa akwai ɗakin auna tafiya. Ɗalibi ya manna ma majinyaci ƴan ƙwallaye masu ƙyalli a ƙugu, da gwiwa, da idon sawu. Majinyaci ya yi tafiya, na'urori suna ɗaukar hotonsa sau 100 ko fiye cikin daƙiƙa guda. A ƙasa an kafa wani faifan ƙarfe mai auna nauyin kowane taku. Makiyayi yakan gane saniya mai ɗingishi tun daga nesa. Na'ura kuwa tana faɗin yawan ɗingishin da lamba.

Akwai kuma ɗakin gwada ƙarfin ƙashi. Ana sa ƙashin dabba cikin inji, a matsa shi sannu sannu har ya karye, a rubuta nauyin da ya karya shi. Ta haka ake sanin wane ƙarfe ko wane ɗauri ya fi riƙe karaya.

Amma yawancin wunin ɗalibi a gaban kwamfuta yake ƙarewa, yana tsara lambobi. Aiki ne mai gajiyarwa. In ƙwallo guda ya faɗi daga gwiwa, sai a sake awo daga farko. A makon ƙarshe ya rubuta abin da ya gano bisa babbar takarda, ya tsaya gaban likitoci suna yi mashi tambayoyi.

Ina amfanin wannan wahala?

Ga misali daga Ayowa. Cikin jarirai 1000, wajen guda ana haihuwarsa da ƙafa a murɗe ciki. A dā, babban aikin wuƙa ake yi, kuma da yawa sukan girma da ƙafa mai tauri da ciwo. Likita Inyasiyo Ponseti, mutumin Ispaniya, wanda aka haifa a 1914, ya zo Ayowa a 1941. Ya zauna ya duba yadda ƙasusuwa da jijiyoyin ƙafar jariri suke. Ya gane suna da taushi, ana iya miƙar da su da hannu.

Ga dabararsa. Kowane mako a miƙar da ƙafar kaɗan, a sa mata farin ɗauri mai sandarewa. Ana yin haka kamar sau 5 zuwa 7. Sau da yawa akan ɗan yanka agara domin dunduniya ta sauka. Daga nan yaro ya sa takalma biyu haɗe da sanda, dare da rana wata 3, sannan da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5. Yara 9 cikin 10 suna samun ƙafa madaidaiciya.

Ponseti ya wallafa sakamakonsa a 1963, amma sai wajen shekara ta 2000 dabarar ta bazu a duniya. Abin da ya gamsar da likitoci shi ne awon da aka yi ta yi ma yaran shekara da shekaru, har suka manyanta. Irin wannan awo ne ɗalibi ke koya a hutunsa. Ponseti ya rasu a 2009.

Dabarar ta iso Nijar. Asibitin yara na CURE, wanda aka buɗe a Yamai a 2010, yana gyaran irin wannan ƙafa.

Saboda haka, in an haifi yaro da murɗaɗɗiyar ƙafa, kada a ɓoye shi a ɗaka. Ba laifin uwa ba ne. A kai shi likita tun cikin makonnin farko, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an ba shi takalman sanda, kada a cire su don yana kuka. Cire su da wuri shi ne babban abin da ke sa ƙafar ta sake murɗewa.