Kwamfutar Gida: Ta Girke Ko Tafi-da-gidanka?

Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, magidanta da yawa suka shigar da sayen kwamfuta cikin lissafin gida. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ranar jarrabawa lokacinsa wajen lalube yake ƙarewa, ko da kuwa ya san amsa. WAEC ma ta bi sahu a 2024, inda ta fara da masu zana jarrabawa daga waje. To idan kuɗi sun taru, sai a tsaya a wuri guda: ta girke za a saya, mai akwati da allo daban, ko laftof da ake naɗewa a jefa a jaka?

Mai shago zai cika ka da bayanin sauri da girman ma'ajiya. Ni kuwa da za ka tambaye ni, sai in fara tambayarka sa'a nawa kuke samun wuta a unguwarku.

Kwamfutar girke ba ta da batir. Ana ɗauke wuta take mutuwa nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi, kuma yawan mutuwar bazata yana lalata ma'ajiyarta sannu a hankali. Dole sai an haɗa ta da UPS, wato akwatin batir mai riƙe ta idan an ɗauke wuta, shi kuma ƙaramin UPS minti goma zuwa sha biyar yake ba ka, iyakar ka adana aiki ka kashe. Ba a karatu da shi. Ga cin wuta: ta ofis da allonta takan ja wat 100 zuwa 200, alhali cajar yawancin laftof wat 45 ce ko 65. Ƙaramin sola da ke riƙe fanka da ƙwan fitila zai ɗauki laftof ba tare da ya yi nishi ba. Wanda ya zauna a Kano ko Kaduna a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta bar yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, ya ga bambancin da idonsa. Mai laftof ya kai ta wurin masu caji ya dawo da ita, mai ta girke kuwa sai dai ya lulluɓe ta da zane.

Amma kada wannan ya sa a raina ta girke, domin a sha'anin iyali tana da abin da laftof ba ta da shi. Tana zaune wuri ɗaya. Idan an ajiye ta a falo, allon yana kallon kowa, uwa na wucewa ta ga abin da yaro yake kallo ba sai ta yi masa binciken ƙwaƙwaf ba. Laftof kuwa, yau ta gida ce, gobe babban yaya ya shige ɗaki da ita, jibi ta bi shi makaranta. Kafin wata uku ta zama tasa, ƙannen da aka saya domin su kuma sai roƙo. Na ga wannan a gidaje fiye da ɗaya, har da na dangina.

Sai batun ɓarna. Gidan da ke da ƙananan yara ba ya rabuwa da kofin shayi ko koko a inda bai kamata ba. In ya zube a kan madannan ta girke, ka sayi wasu da kuɗi kaɗan, magana ta ƙare. In ya zube a kan laftof, uwar na'urar tana nan ƙarƙashin madannan, gyaran na iya kusantar kuɗin sayen wata. Haka allon da ya fashe, haka maƙalar murfin da ta karye. Akwatin ta girke kuma ana buɗe shi a busa ƙurar hunturu a mayar, a ƙara masa RAM, a canja abin da ya mutu shi kaɗai. Laftof ƙofar iskarta ƙarama ce, ƙura na toshe ta, sannan mutanenmu su ɗora ta a kan katifa a zafin Afrilu su ce tana kashe kanta.

To ina aka dosa? Gidan da ke da sola da inbata mai ƙarfi, ko shagon da ake buga takardu a cikinsa, ta girke ce tasa. Da kuɗi iri ɗaya za a sami na'ura mafi ƙarfi da allo mafi faɗi. Sauran gidajen, waɗanda su ne mafi yawa, shawarata su sayi laftof amma su girke ta. A ba ta tebur a falo, a saya mata madannai da linzami na waje, a kafa doka cewa ba ta tashi daga nan sai da izinin maigida ko uwargida. Yara su yi ta dukan madannan waje, na jikinta su huta. An sami batir, an kuma sami idon iyaye.

Yawancinmu tokumbo muke saye, a Beirut Road ta Kano ko ta hannun masu sarowa daga Computer Village ta Ikeja, kuma ba aibi ba ne. Waɗanda aka ƙera don ofisoshi, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, sun fi jure wahala a kan sabuwa mai araha mai jikin roba. A duba abu uku. RAM kada ya gaza giga 8. Ma'ajiyar ta zama SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba, domin nan ne saurin yake. Na ukun shi ne wanda masu shago ba sa son a ɗaga: Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, ita kuma Windows 11 a hukumance tana son ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas zuwa sama. Ganin tambarin Core i7 kaɗai ba ya wadatarwa, i7 ta zubi na huɗu ta haura shekara goma a duniya.

Batirin kuma kada a karɓi rantsuwar kowa a kansa. A cire caja a gaban mai shagon, a kunna bidiyo, a zauna a sha ruwa na rabin sa'a, sannan a duba kashi nawa ya rage.