Mas'alar Haɗuwar Wasula da Rabuwarsu a Karin Harshen Ingilishi

Malaman ilmin harshe suna da wata ƙa'ida da ake jingina wa Bafaranshen nan Paul Garde tun 1961, cewa idan wasula biyu suka haɗu a bakin jama'a har suka zama lafazi guda, to, harshen ba ya iya raba su da kansa, kamar yadda ba a tsince gero daga dawa bayan an niƙa su tare. Dalilin kuwa a fili yake, domin yaron da ya tashi yana jin sauti ɗaya ba shi da hanyar sanin wace kalma ce asalinta nan, wace ce asalinta can.

Sai dai tarihin Ingilishi ya kawo mushkila, domin akwai shaidu daga Landan na ƙarni na 16 masu nuna ana furta meat, wato nama, daidai da mate, wato aboki, alhali kuwa a yau meat ta koma tana tafiya da meet, in ban da 'yan kalmomi irin su great da break da steak da suka tsaya a tsohon matsayi. Wasu malamai suka ce kare-karen harshe biyu ne suka zauna tare a birnin, daga bisani ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Bayanin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na William Labov, wanda ya naɗi maganar dattawan ƙauyen Tillingham a lardin Essex, inda aka daɗe ana cewa line da loin lafazinsu ɗaya, ya auna ta da na'ura, ya tarar bakinsu yana bambanta su da ɗan tazara kaɗan, ko da yake da aka mayar musu da muryoyin, kunnuwansu sun kasa rarrabewa sosai. Haka James Milroy da John Harris suka samu a Belfast a 1980, inda mutane ke ɗaukar meat da mate abu guda, amma bakinsu bai daina raba su ba. Ashe abin da aka zata haɗuwa ce, kusantar juna ce kawai, kuma muddin wannan 'yar tazara tana raye, 'ya'ya za su gaje ta, kuma wata rana tana iya sake buɗewa.

Saboda haka duk mai nazarin karin harshe, kada ya wadatu da shaidar mai magana a kan bakinsa; ya naɗi maganar dattawa ya auna ta tun suna raye.