Ina malamin kiɗa a Zamfara zai je ƙaro ilimi?

A makarantun firamare da ƙananan sakandare na Anka, Gummi da Bukkuyum, kiɗa ba darasi ba ne mai zaman kansa. Manhajar hukumar NERDC ta cusa shi cikin darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, tare da zane da wasan kwaikwayo. Sau da yawa wanda aka ɗora wa darasin mai takardar shaidar malanta ta NCE ne da ya karanta wani fanni daban.

Malamin da ya yi digirin farko, yake neman na biyu a fannin kiɗa kansa, galibi sai ya nufi Kudu. Jami'ar Nsukka, wadda ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, ita ce ta farko da ta yi hakan a Najeriya; akwai kuma ta Ile-Ife. Tafiya ce mai nisa ga mai iyali da albashin malami, kuma sai ya samu hutun ƙaro karatu daga wurin aiki.

Hanya mafi kusa ita ce digiri na biyu a Hausa, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Bayero ta Kano, inda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa tsarin nazarin waƙar baka. A nan malami zai feɗe waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, 'yan ƙasar Zamfara. Sai dai nazarin ya fi karkata ga turke, salo da ma'ana. Yadda za a koya wa yara arba'in kiɗan kotso ko kalangu a aji ɗaya, wannan malami ne zai nemo wa kansa.