3.2 Bin Sawun Guguwar Tekun Atlantika Tun Daga Afirka ta Yamma

Mafi yawan manyan guguwowin da ke afka wa tsibiran Karibiyan da gabashin Amurka ba a can suke samo asali ba. Masana yanayi sun nuna cewa tushensu shi ne wata igiyar iska da ke tasowa daga wajejen Sudan, ta ratsa Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya, sannan ta faɗa teku ta gaɓar Senegal. Da damina irin wannan igiya takan wuce duk bayan kwana 3 zuwa 5, kuma tana da hannu a hadarin gabas da manoma ke jira. Akan sami kimanin guda 60 a shekara, amma kaɗan ne daga cikinsu ke riƙa su zama guguwa.

A nan ne aikin masu hasashe yake da wuya, wato gane wadda za ta riƙa tun tana jaririya. Abin da suke dubawa shi ne ɗumin ruwan teku, wanda ake bukatar ya kai kusan digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyas, da damshin iska, da kuma ko iskar sama da ta ƙasa suna tafiya daidai. Idan suka saɓa, hadarin yakan tarwatse. Haka kuma busasshiyar iskar Sahara mai ƙura takan shaƙe shi. Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miyami tana bin sawun kowace igiya ta hotunan tauraron ɗan'adam, tana raɗa mata suna idan gudun iskarta ya kai kilomita 63 a awa. Daga kilomita 119 ta zama mahaukaciyar guguwa ke nan. In ta doshi ƙasa sai a tura jiragen sama su kutsa cikinta su saki na'urorin awo.

Guguwar Andrew misali ce. Igiyarta ta bar gaɓar Afirka ranar 14 ga Agusta, 1992, ta isa Fulorida ranar 24 ga wata, kwana 10 ke nan. Sai dai inda ya fi dacewa a fara awon, wato sararin Sahel, nan ne tashoshin da ke sakin balan-balan na auna iskar sama suka fi ƙaranci, domin hoton tauraro bai maye gurbin awon da aka yi a cikin iskar kanta ba.